Inda Za Ka Nufa Farautar Kishimi Mai Manyan Ƙahoni: Iowa, Kansas, Wisconsin, Saskatchewan ko Texas

Barewa mai farar wutsiya ba ta da wuyar samu a Amurka. Tana kiwo a bayan gidaje, tana ɓarna a gonakin waken soya, motoci na bankaɗe ta a kan titi dare da rana. Wanda ke da wuya shi ne tsohon kishimi, wanda ya tsallake kaka 5 ko 6 ba a harbe shi ba, har ƙahoninsa suka yi kauri suka yi rassa. Saboda shi mutane ke ɗaukar hutu, su hau jirgi, su kashe dubban daloli. Mai hutun mako guda da kuɗin tafiya ɗaya kuwa dole ya tsaya a wuri guda, kuma kowane wuri yana da masu koɗa shi.

Da farko a san abin da ake kira babba. Ƙungiyar Boone and Crockett, wadda Theodore Roosevelt, wanda daga baya ya zama shugaban Amurka, ya kafa a 1887, ita ke riƙe da kundin da kowa ke ambato. Ana auna tsawon uwar ƙaho ta kowane gefe, da tsawon kowane reshe, da kauri a wuri 4 a dama da 4 a hagu, da faɗin da ke tsakanin ƙahonin biyu, a tara duka da inci. Sannan a zabge bambancin da ke tsakanin dama da hagu. Ba a ma ɗora awon sai ƙahon ya yi kwana 60 yana bushewa. Mai daidaitattun rassa sai ya kai inci 170 zai shiga babban kundin, mai rassa barkatai kuma 195. Masu baka suna da nasu kundin, na Pope and Young, inda ƙofar shiga take 125 da 155. Yawancin maharban da suka yi shekaru a harkar, kishimi mai inci 140 zuwa 150 ma abin ratayewa ne a falo.

Ma'aunan da ya kamata ka riƙe

Shekaru ne kan gaba. Abinci da jini suna da tasiri, amma kishimi ɗan shekara 2 ko a gonar masara aka haife shi ƙaramin ƙaho zai yi. Saboda haka tambayar da za ka yi wa kowace jiha ita ce, me ke hana a kashe su suna ƙanana? Amsar tana cikin doka: namiji nawa aka yarje wa mutum ɗaya a shekara, kuma shin lokacin bindiga ya faɗo cikin lokacin barbara, wato farkon Nuwamba zuwa tsakiyarta a jihohin tsakiya, sa'ad da tsofaffin ke manta wayo su fito da rana tsaka suna bin mata. Jihar da ta ɗage bindiga zuwa Disamba ta ba su rai.

Sai lasisi, ko ana saye kai tsaye ko sai an jefa ƙuri'a. Sai fili, domin lasisi bai ba ka izinin taka gonar kowa ba. Sai kuɗi. Sai haɗari, kuma cututtuka biyu ne ke gaba a nan. Ɗaya ita ce EHD, wadda wani ɗan mitsitsin ƙwaro mai cizo ke yaɗawa a ƙarshen bazara, musamman shekarar fari. Barewar da ta kamu takan nufi ruwa ta mutu a can, kuma cutar ba ta lafawa sai sanyin farko ya kashe ƙwaron. Tana iya share manyan kishimai na kwari guda cikin makonni. Ta biyun ita ce CWD, ciwon ƙwaƙwalwa mai ramar da dabba a hankali, wanda ba shi da magani kuma yake daɗewa a cikin ƙasa. Na ƙarshe shi ne ɗorewa: wurin da za ka iya komawa kowace shekara ka san hanyoyinsa ya sha bamban da wanda za ka gani sau ɗaya cikin shekara 5.

Iowa

Idan doka ce ma'auni, babu mai ja da Iowa. Manyan lokutan bindiga duk a Disamba suke, bayan barbara ta wuce. Nuwamba ta masu baka ce su kaɗai. An hana zuba hatsi don jawo dabba. Lasisin baƙi na kashe namiji an taƙaita shi a 6,000 a shekara, kuma kaso 35 cikin 100 kawai ke zuwa ga masu baka. Ka haɗa wannan da masara da waken soya da kurmin bakin rafuka na kudancin jihar, gundumomi irin su Decatur, Appanoose, Van Buren da Monroe, ka ga dalilin da ya sa ake rububin ta. A Monroe ne wani yaro ɗan shekara 15, Tony Lovstuen, ya harbi mai inci 307 da 5/8 a 2003.

Abin da za ka biya shi ne jira. Ana neman lasisi a watan Mayu, kuma wanda bai samu ba yana tara maki ɗaya a shekara, ko ya sayi makin a kan dala 60 da ɗoriya. Kamar adashi ne, kana zubi kana jiran kwasa, sai dai a nan zubin ba ya dawowa. Yankunan kudu da aka fi so, mai baka kan yi shekara 4, 5 ko fiye kafin ta faɗo kansa. Ranar da ta faɗo kuma lasisin da rakiyarsa sun kai wajen dala 650. Filin gwamnati ɗan kaɗan ne, kodayake dazukan Stephens da Shimek suna nan, kuma da yake an rage yawan baƙi, ba su cika cunkoso irin na wasu jihohi ba.

Haɗarin Iowa a wurina shi ne wannan: ka tara makin shekara 5, ka kashe shi a shekarar da EHD ta ratsa gonar da ka kama. Jihar ta sha wannan annoba a 2012 da 2019 da 2023. Ana neman lasisi a Mayu, cutar kuma sai Agusta da Satumba take bayyana, don haka a makance ake shiga. Mai gajen haƙuri yana iya neman lokacin bindigar ɗure, wadda ake cusa wa albarushi ta baki, daga ƙarshen Disamba zuwa 10 ga Janairu. Ba ya cin maki da yawa, kuma idan sanyi ya matsa, yunwa kan fito da tsofaffin kishimai gona kafin magariba.

Kansas

Kansas ƙanwar Iowa ce a tsari. Namiji ɗaya ga kowane maharbi a shekara. Bindiga ba ta buɗewa sai ranar Larabar da ke bin bikin godiya na ƙarshen Nuwamba, ta yi kwana 12. Ana neman lasisi a Afrilu, ka zaɓi yanki ɗaya da maƙwabcinsa, kuɗin kuma wajen dala 600 ne. A da kusan duk wanda ya nema yana samu. Yanzu masu nema sun yi yawa, amma mai maki ɗaya a hannu yana da kyakkyawan zato, wato kana iya zuwa kusan duk bayan shekara 2.

Abin da Kansas ta fi Iowa shi ne fili. Gwamnatin jihar tana biyan manoma su buɗe gonakinsu ga maharba masu shiga da ƙafa, shirin da ake kira WIHA, kuma ya haura eka miliyan 1. Sai dai kada adadin ya ruɗe ka. Da yawansa fili ne fetal na alkama da ciyawa, wanda ya fi dacewa da harbin tsuntsu. Barewa tana bin siririn layin bishiyoyi na bakin ƙorama ne, kuma duk mai taswira a waya ya ga layin da ka gani. Ka isa kafin asuba ka tarar da motoci 3 masu lambar wasu jihohi a bakin hanya, wannan ba baƙon abu ba ne a makon farko na Nuwamba. A gonar haya kuma an halatta zuba masara, don haka maƙwabcin da ke da buhuna yana iya janye dabbobin daga gefenka. Akwai kuma lokacin bindigar ɗure a Satumba, cikin zafi, lokacin da kishimai ke nan kan al'adarsu ta fita gona ɗaya kowace yamma.

Wisconsin, da jihohin da ake saye kai tsaye

Wisconsin ce ta fi kowace jiha yawan suna a kundin Boone and Crockett, gundumar Buffalo kuma ta fi kowace gunduma a ƙasar. Kishimin James Jordan na 1914, mai inci 206 da 1/8, daga gundumar Burnett ya fito, kuma shi ya riƙe kambun duniya har zuwa 1993. Lasisin baƙo dala 200 ne, babu ƙuri'a, babu jira. A takarda babu wadda ta kai ta araha.

Amma kundi tarihin shekara sama da 100 ne, kuma yawan suna yana tafiya da yawan maharba. Fiye da mutum rabin miliyan ke fita a kwanaki 9 na bindiga, waɗanda ke farawa Asabar ɗin da ke gaban bikin godiya. Tsaunukan Buffalo da Trempealeau masu gangare, inda tsoho ke samun maɓoya, kusan duka mallakar mutane ne, hayarsu kuma ta yi tashin gwauron zabo. Babban filin gwamnati yana arewa, kamar dajin Chequamegon-Nicolet, inda barewa ba ta da yawa, hunturu ke da tsanani, ga kuma kyarkeci. A kudu maso yamma, wajen Dane da Sauk da Richland, CWD da aka gano a 2002 ta yi katutu, kuma tsofaffin maza ta fi kamawa, wato daidai abin da ka je nema. Wisconsin ta mai gona ce ko mai aboki mai gona.

Wanda ke neman saye kai tsaye, ni Ohio ko Kentucky zan nuna masa kafin Wisconsin. Duka biyun namiji ɗaya suke bayarwa a shekara, kuma kuɗin baƙo bai kai dala 500 ba. Ohio ta ajiye bindiga sai Litinin ɗin da ke bayan bikin godiya, baka kuma tana tafiya tun ƙarshen Satumba har farkon Fabrairu, ga dajin gwamnati na Wayne a tuddan kudu maso gabas. Kentucky tana buɗe baka ranar Asabar ta farko a Satumba, lokacin da wasu ƙahonin ke lulluɓe da fatarsu mai laushin karammiski, sannan ta ba da kwana 16 na bindiga mai dogon zango daga Asabar ta biyu a Nuwamba, cikin barbara tsundum. Illinois ma lasisin baka bai da wuya, a kan dala 400 da wani abu, kuma can ne Luke Brewster ya harbi mai inci 327 da 7/8 a gundumar Edgar a 2018. Sai dai gundumomin Pike, Adams da Brown da suka yi suna, kamfanonin farauta sun daɗe da kame gonakinsu.

Saskatchewan

Kambun duniya na daidaitaccen ƙaho yana nan a lardin Saskatchewan na Kanada: inci 213 da 5/8, wanda manomi Milo Hanson ya harba kusa da garin Biggar a Nuwamban 1993. Duk takardar talla tana ɗauke da wannan labari. Abin da ba ta cika faɗa ba shi ne, yankin gonaki na kudu inda aka harbe shi a rufe yake ga wanda ba mazaunin Kanada ba. Baƙo dajin arewa zai nufa, kuma dole ta hannun kamfanin jagora mai lasisi.

Wannan ba aibu ba ne, farauta ce ta daban. Ana kai ka kan babur mai ƙafa huɗu kafin gari ya waye, a ajiye ka cikin wani ɗan akurkin katako ko tanti mai taga. Can gaba, taku 80 ko 100, an zuba ciyawar alfalfa da hatsi a kan dusar ƙanƙara, don doka ta yarda da haka. Sanyi kan sauka zuwa digiri 20 ko 30 ƙasa da sifiri. Ruwan gorarka ya daskare, burodin aljihunka ya zama dutse, ɗan murhun gas yana huci a gefen ƙafarka, kai kuma ba ka da aiki sai kallon wuri guda na awa 10. Mata da ƙanana su zo su tafi. Idan babban ya fito, ba ya ba ka lokacin shawara. Kishiman can jiki gare su, wasu har kilo 130, ƙahonin kuma duhu ne da kauri. Girman jikin kan sa ƙaho ya yi ƙanƙanta a ido, har mutum ya ƙyale wanda bai kamata ya ƙyale ba.

Kuɗin mako guda yakan kama daga dala 5,000 zuwa 7,000, ban da jirgi da tukuicin jagora. Babu jiran shekaru, babu neman fili. Haɗarin shi ne hunturu mai tsanani kan kashe tsofaffin maza bayan barbara ta tsotse su, kuma sai an yi shekaru kafin yanki ya farfaɗo. CWD ma tana lardin. Ka tambayi kamfani yadda hunturu biyun da suka wuce suka kasance a yankinsa.

Kudancin Texas

Texas ta fi kowace jiha yawan barewa, sama da miliyan 5, amma kusan kaso 95 cikin 100 na ƙasarta mallakar mutane ne. Lasisin baƙo dala 315, a saye yau a fita gobe. Kuɗin gaske a ƙofar gandu ake biyansa. Manyan ƙahoni suna sarƙaƙiyar ƙaya ta kudu, gundumomin Webb, Dimmit, Maverick da La Salle, inda masu gandu ke hana harbin duk wanda bai kai shekara 5 ba. A nan mai fili ne ke yin aikin da doka ke yi a Iowa. Barbara sai Disamba, yanayi da daɗi, ana zama a hasumiya ana kallon dogayen hanyoyin da aka share cikin ƙaya an watsa musu masara, kuma a yini guda za ka ga maza da yawa fiye da abin da za ka gani a mako guda a dajin Kanada.

Yawancin gandaye da inci suke sayarwa: mai 140 da farashinsa, mai 170 kuma yana iya haura dala 10,000. Sannan ka tambaya ko gandun na da dogon shingen waya da ke hana dabba fita. Boone and Crockett ba ta karɓar abin da aka harba a irin wannan wuri, ballantana wanda aka yi kiwonsa a keji aka saki. Kowa da ra'ayinsa a kan wannan, amma ka san abin da kake saye.

| Wuri | Samun lasisi | Kuɗin baƙo | Fili | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Iowa | Ƙuri'a, jiran shekaru | Wajen dala 650 | Kaɗan, amma ba cunkoso sosai | EHD a shekarar da ka samu |
| Kansas | Ƙuri'a, jira kaɗan | Wajen dala 600 | WIHA da gonakin haya | Cunkoso a bakin ƙorama |
| Wisconsin | Kai tsaye | Dala 200 | Mai kyau a hannun mutane | CWD, yawan maharba |
| Ohio, Kentucky | Kai tsaye | Ƙasa da dala 500 | Dazukan gwamnati | Cunkoso, EHD |
| Saskatchewan | Ta hannun kamfani | Dala 5,000 zuwa 7,000 duka | Dajin arewa | Sanyi, mummunan hunturu |
| Kudancin Texas | Kai tsaye | Dala 315, sai kuɗin gandu | Kusan duka gandaye | Tsada, dogon shinge |

Farashin lasisi yana motsi, ka duba shafin hukumar namun daji ta jihar kafin ka yi lissafi.

Kafin ka ba kamfani kafin alƙalami

A kowace jiha, gonar da za ka zauna da halin maƙwabtanta sun fi sunan jihar muhimmanci. Ka tambayi eka nawa kamfanin ke riƙe da su, mutum nawa yake sawa a mako, kuma mutum nawa suka riga ka zama a kan bishiyar da za a ba ka. Ka nemi lambar waɗanda suka koma gida hannu rabbana, domin su ne za su gaya maka gaskiya. Incin da ake rubutawa a talla yawanci jimla ce kafin a zabge bambancin dama da hagu. Kamfanoni da yawa suna cin tarar wanda ya harbi mai inci ƙasa da 130 ko 140, kuma idan ka ji wa dabba rauni ta ɓace, farautarka ta ƙare.

Mai zuwa daga wata ƙasa yana da ƙarin ɗawainiya. Bizar baƙunci ba ta ba ka damar riƙe bindiga a Amurka sai da ingantaccen lasisin farauta, shigo da taka kuma sai da takarda mai suna 6NIA ta ATF, hukumar Amurka mai kula da bindigogi. Jihohi suna neman shaidar horon farauta: Iowa ga wanda aka haifa daga 1972, Wisconsin daga 1973. Biza ta fara zuwa hannu kafin kuɗi su fita, don kafin alƙalami ba kasafai yake dawowa ba. Jihohi da yawa sun hana ƙetare iyaka da gawa ɗungurungum saboda CWD, sai naman da aka zare wa ƙashi da ƙoƙon kai da aka wanke tas. A yankin da cutar take, a gwada naman kafin a ci. Musulmi kuma ya sanar da jagoransa tun farko cewa zai yi bisimilla lokacin harbi, idan kuma ya tarar da ita da sauran rai zai yanka, don kada wani ya riga shi ƙarasa ta.

Wa ya dace da ina

Gwanin baka mai haƙuri, wanda burinsa inci 160 zuwa sama a kan dabbar da ba a killace ba, ya fara zubin makin Iowa a watan Mayu, ya riƙa zuwa wani wuri kafin lokacinsa ya yi. Wanda ke son wurin da zai riƙa komawa har ya san kowace ƙorama, Kansas ce tasa. Mai ƙaramin aljihu da ƙafar hawan tudu ya ɗauki tanti ya nufi kudancin Ohio da baka a makon farko na Nuwamba, idan kuma bindiga ce a hannunsa, Kentucky. Wisconsin sai idan an gayyace ka gona a yammacin jihar, kuma idan an gayyace ka kada ka tsaya shawara. Mai kuɗi amma ba lokaci, wanda zai iya zaman awa 10 cikin ƙanƙara, Saskatchewan. Dattijo, ko mai ciwon gwiwa, ko wanda zai zo da ɗansa karo na farko yana so yaron ya ga dabbobi da idonsa, ya nemi gandu mai gajeren shinge a kudancin Texas, ya sa ranarsa tsakanin tsakiyar Disamba da ƙarshenta.